Haddar kalmomin Turanci ta gagare ni, ina neman shawara

Ummin Walid:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman gurbin digiri na biyu a Ingila, sun ce sai na kawo maki 6.5 a IELTS, wato jarrabawar gwada iya Turanci. Na zauna sau ɗaya, sauraro da magana ba laifi, amma a rubutu 5.5 na tsaya. Wata huɗu ke nan ina da wani littafi mai jan bango, kullum bayan sallar asuba in kwafi kalma 30 daga ƙamus, in sa ma'anarsu da Hausa. Har yau ban fita daga harafin C ba. Abin haushin, ranar jarrabawa ko guda ba ta faɗo mini ba. Ina kuskurena yake?

Malam Na Fagge:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ƙamus ba a yi shi don a bi shi daki-daki ba. Nemi jerin da ake kira Academic Word List, wanda Averil Coxhead ta fitar a 2000. Gidajen kalmomi (wato kalma da waɗanda suka tsiro daga gare ta) 570 ne kacal, waɗanda suka fi yawo a rubutun jami'a. Sannan kada ki ɗauki kalma ita kaɗai, ki ɗauko ta da abokan tafiyarta. Dubi Baturen da ya haddace cewa "ci" abinci ake yi. Ya zai yi in ya ji an ci bashi, an ci kasuwa, an ci amana? Haka nasu yake. Ana cewa conduct research, in kika rubuta make research mai duba takarda ya gane ki nan take.

Ɗan Damagaram:
Anti, ba ki yi Islamiyya ba? Hadda ba muraja'a ai zuba ruwa ne a kwando. Ni da Faransanci na yi boko, Turanci da girmana na koya. Manhajar Anki nake amfani da ita, kalmar da ta ba ni wuya gobe za ta dawo, wadda ta zauna sai bayan makonni. Goma a rana ta ishe ki, kowace da jimlar da kika tsince ta a ciki.

Hajiya Nas:
Ni dai in ƙara gargaɗi. A zamana na farko na cusa ubiquitous har sau uku a maƙala ɗaya don in burge, biyu ba a muhallinsu ba. Aƙalla kalma 250 ake so a aiki na biyu na sashen rubutu, cikin kamar minti 40, ba lokacin baje koli. Wadda ba ki taɓa sa ta a jimla da hannunki ba, bar ta a gida.

Ummin Walid:
Na gode ƙwarai. Malam, na samo jerin, ashe analyse ce a kan gaba, kalmar da kullum nake rubutawa a rahoton ɗakin gwaji. Jan littafin kuma na ba Walid ya yi zane.