Abin da magina suka ce kan shimfiɗar ƙasan ɗaki a Kaduna

Da aka tattauna da magina da masu sa tayil, kusan duk bakinsu ya zo ɗaya: danshi ne ke lalata ƙasan ɗaki a Kaduna, musamman a watan Agusta da ruwa ke kai intaha, ga kuma unguwannin bakin kogi irin su Kabala. Siminti kan tsotso ruwa daga ƙasa, ko da ido ya gan shi a bushe. Shi ya sa suka nace a shimfiɗa leda mai kauri kafin a zuba kankare.

Wanda ya riga ya yi daɓe, ya gwada ko ya bushe tukuna kafin ya shimfiɗa komai a kai. A manne ƙyallen leda a ƙasa da salatif, a toshe gefe huɗu, a bar ta ta kwana. In an ɗaga da safe aka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, to daɓen bai bushe ba. Kwana 28 da ake cewa a jira bayan zuba kankare na ƙarfinsa ne kawai, bushewa takan ɗauki fiye da haka.

Tayil mai suna fosilin suka fi yabo, don ruwan da yake sha bai wuce kashi 0.5 cikin 100 ba, sai dai a nemi marar santsi saboda tsofaffi da yara. Tarazo ma, wato daɓen siminti da tsakuwa da ake gogewa, suka ce yana da ƙarko, ni ma na fi karkata gare shi.

Katako kuwa sun ce a haƙura: ya kumbura da damina, ya tsage da hunturu, ga gara. Kafet da ledar ɗaki suna riƙe fumfuna a ƙarƙashi, gara ƙaramar darduma da za a iya shanyawa a rana.