Kowa ya ci ladan kuturu

Ɗan Tudun Wada: Jama'a, a huɗubar Juma'a liman ya jawo "kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski" a kan jami'o'in Falasɗinu da kuɗin Turawa. Ana idarwa gardama ta kaure a ƙofar masallaci. Maganar ta zauna a nan kuwa?

Malam Habu: Rabi ta zauna. Jami'ar Baitalami 'yan Katolika na De La Salle suka buɗe ta a 1973 da goyon bayan Fadar Paparoma, amma yawancin ɗalibanta Musulmi ne. Ina askin? Abin da ya fi shiga jiki tsarin karatu ne: ƙidayar sa'o'in darasi irin ta Amurka, ga koyar da likitanci da injiniyanci cikin Ingilishi. Yaro ya ci Taujihi, jarrabawar gama sakandare, da Larabci, ya shiga aji ɗaya a jami'a ya tarar da littattafan Turanci, nan da yawa ke tuntuɓe.

Hajiya Mairo: Malam, askin yana wurin sa hannu. A 2002 USAID, hukumar ba da agaji ta Amurka, ta gindaya sharaɗin kada mai karɓar kuɗinta ya tallafa wa waɗanda Amurka ta kira 'yan ta'adda. Tarayyar Turai ta ƙara nata a 2019, ƙungiyoyin Falasɗinawa da dama suka ƙi. Alhali a Jami'ar Birzeit magoya bayan Hamas da na Fatah ke karawa a zaɓen ɗalibai. Wa za ka tace?

Maman Sadiya: Kakarmu takan ba da labarin wani wanzami da ya karɓi goro goma a hannun kuturu, ya ba yaronsa ɗaya, ya ce je ka yi askin. Yaro ya aske ɗan gefen kunne ya naɗe zabira. Kuturu ya kai ƙara. Alƙali ya tambayi yaro, yaro ya ce, Allah gafarta malam, na goro ɗaya na yi.

Na Kurmi: Wannan wanzamin ai yana majalisa yanzu. Mu ma gefen kunne aka aske mana.

Malam Habu: Ku bari mu koma kan magana. Sojojin Isra'ila da suka rufe Birzeit daga 1988 zuwa 1992 ba lada suka ba kowa ba. Malamai sai a gidaje da masallatai da coci-coci suka riƙa karantarwa.

Ɗan Tudun Wada: To a nan wane ne kuturun?

Na Kurmi: Bar wannan tukuna. Maman Sadiya, goro taran nan, alƙali ne ya karɓe su?