Awa uku ina matse shi, aka tashi canjaras

Ɗan Zariya: Jama'a wallahi raina a ɓace yake. Jiya a gasar chess zagaye na huɗu ina riƙe da farare, na dasa dokina a gidan d5 a tsakiyar allo babu sojan da zai kore shi, bishof ɗin abokin karawata (kayan da ke tafiya a karkace) ya maƙale bayan sojojinsa, awa uku ina matse shi ba ya ko numfashi amma ƙarshe canjaras. Sa'a kawai ya yi. Ta ina ya kamata in ɓalle masa?

Baban Hanifa: Sa'a kuma? Malam ba ludo ake ba fa, babu dayis a nan.

Na Kantin Kwari: Akwai sa'a mana Yaya. Ding Liren fa, mai riƙe da kambun duniya a lokacin, da yake karawa da Gukesh a Singafo 2024, wasa na 14 kowa ya gama cewa canjaras ne ya ɗauki ruk (kayan nan mai kama da hasumiya) ya ajiye a gidan f2 ya sha kashi, Gukesh ɗan shekara 18 ya tafi da kambun duniya. Wannan mene ne sunansa?

Baban Hanifa: Sunansa kuskure. Wanda ya matsa maka har ka yi shi, aikinsa ne.

Malama: Ƙanina, rauni ɗaya ba ya kayar da mai tsaro. Ka ɗaure shi a gefen sarauniya sannan ka tura sojan h, wato na can bakin allo ta ɓangaren sarki, ka buɗe masa rauni na biyu a gefen sarki, kayansa ba za su iya tsare wuri biyu ba.

Na Kantin Kwari: To ai musulmi bai kamata ma ya ce babu rabo ba.

Baban Hanifa: Rabo daban sa'a daban, kar ka shigo mana da wa'azi. Carlsen da Nepo (Nepomniachtchi) a karawar kambun duniya a Dubai 2021, motsi 136, kusan awa takwas yana murzawa har ya ci, nan ma sa'a ce?

Tsohon Soja: Kullum Carlsen! Ku yaran yanzu ba ku san Karpov ba, shekara goma yana riƙe da kambu tun 1975, shi ne mai shaƙe mutum a hankali.

Na Kantin Kwari: Baba ai a bagas ya samu, Fischer mai riƙe da kambun ne ya ƙi zuwa ya kare shi.

Tsohon Soja: Bagas? Ka iya bakinka, ya kare shi sau biyu a hannun Korchnoi!

Admin: Ya isa haka. Abin da aka cimma, babu sa'a a chess, kuma kowa ya yarda Karpov ne uban matsi, kowa ya je ya kalli wasanninsa.

Na Kantin Kwari: Ni ban yarda ba Admin.

Ɗan Zariya: Malama don Allah, sojan h ɗin kafin musayar ruk zan tura ko bayanta?