Kofi zai yi a tsohon mashekarin shanu a gefen Zariya?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gaji wani fili wajen Shika, kadada biyu da ɗan abin da ya ɗora. Shekara da shekaru shanu ke kwana a wurin, ƙasar ta zama fako, ka sara fartanya ta dawo maka. Ɗorawa guda ce ta rage, sai kututture. Na ga yadda a ƙasar Kosta Rika suke mai da filayen kiwo daji, su dasa kofi a inuwa, ba takin zamani ba feshi. Abin ya shiga raina. Zai yi a nan?

Malam Na-Samaru: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka zuba kuɗinka a rijiya. Irin kofin da ake kira Arabika tudu mai sanyi yake so, sama da mita 1,000, mu kuwa Zariya ba mu kai 700 ba. Ɗaya irin kuwa, Robusta, yana jure zafi amma yana son laima, ga mu da rani na wata biyar zuwa shida, ga hunturu mai busar da leɓe balle ganye. Ruwanmu bai wuce milimita 1,000 da 'yan kai ba a shekara.

'Yar Gembu: Gaskiya Malam ya faɗa. Mu a Mambila da rigar sanyi muke kwana, shi ya sa yake yi. Kuma ko a can sai ka jira shekara uku zuwa huɗu kafin ka tsinki ɗa ɗaya.

Ɗan Tudun Wada: To in na haƙa burtsatse fa, Malam?

Malam Na-Samaru: Burtsatse ba ta sanyaya watan Afrilu. Amma rabin burinka mai yiwuwa ne, wato dajin. Kututturen nan da ka raina su ne jarinka, saiwarsu na da rai. In sun yi toho ka zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ka sare sauran. Sassaben zamani ke nan, da shi manoman Maraɗi suka dawo da itatuwansu tun wajen 1984. Fakon kuma ka haƙa ramuka da rani, ka zuba ruɓaɓɓen kashin shanu, gara za ta huda maka ƙasar kyauta. Ka sa gawo, shi da ke zubar da ganye da damina, ba ya tare wa dawa rana. Kashu da zogale su biya ka wahala. Amma shinge tukuna! Ni na dasa mangwaro arba'in ba shinge, awaki suka gama da su a mako guda, har yau uwargida na min dariya.

Baffan Yara: Ka kuma je ka gaisa da makiyayan da suka saba wurin kafin ka kafa ko dirka ɗaya. In akwai burtali a gefe, ka bar musu hanyarsu. Takin ma ai a wurinsu za ka samu.

Ɗan Tudun Wada: Na gode ƙwarai. Asabar zan je in ƙirga kututturen. Hajiya 'Yar Gembu, in kin tashi zuwa ki riƙo min dashen kofi biyu, in gwada a tukunya a gindin ɗorawar, ko don raina ya kwanta.