Sabar ta ƙi gaisawa da rumbun bayanai, wa ya taɓa shan wannan?

Ɗan Nima: Salamu alaikum 'yan'uwa. Tun jiya da dare kod ɗina na Node.js ke jefo min saƙon kuskure na ETIMEDOUT duk sanda ya nemi rumbun PostgreSQL da ke girgije. Jiya da safe lafiya lau yake, ko layi ɗaya ban taɓa ba.

Daga Mamobi: Wa alaikumus salam. An ɗauke muku wuta jiya? Ni dumsor, wato yawan ɗauke wutan nan na Ghana, ne ya taɓa yi min haka. Wuta ta dawo, rauta, na'urar raba intanet, ta tashi da sabon adireshin IP, rumbun kuwa adireshin da ke cikin jerin waɗanda aka yarje wa kaɗai yake buɗe wa. Baƙo ko korarsa ba a yi, shiru ake masa har lokaci ya ƙare, shi ne ETIMEDOUT ɗin. Da ECONNREFUSED ka gani, da ka isa gidan, sai dai ba mai sauraro a ƙofar 5432, inda PostgreSQL ke jiran haɗi. Kada ka yi gangancina: na sa 0.0.0.0/0 a jerin, wato an yarje wa kowane adireshi, wai na yau kaɗai, ya kai wata uku rumbun a buɗe ga duniya.

'Yar Aboabo, Kumasi: Ni kalmar sirri ce ta hana ni barci. Akwai # a cikinta, na liƙa ta haka a layin haɗi, ashe sai an rubuta %23, @ kuma %40. Har na fara zargin kamfanin intanet, bayin Allah ba ruwansu.

Daga Madina: Duba fayil ɗin .env ma, inda ake ajiye adireshin rumbu da kalmar sirri. Nawa bai hau sabar ba, kod ya koma neman 127.0.0.1, wato sabar kanta.

Dattijon Sabon Zongo: Ƙanena, nawa ya fi ciwo, don ana gobe Sallah ya same ni, oda na shigowa shagon atamfar da nake kula wa da shafi. Kowace buƙata sai ta buɗe sabon haɗi, ba mai rufewa, PostgreSQL kuma haɗi 100 yake ɗauka a lokaci ɗaya in ba a sauya ba. Sai da na sa PgBouncer, manhajar da ke sa buƙatu su raba 'yan haɗi kaɗan, a tsakani Hajiya mai shagon ta daina kirana.

Ɗan Nima: Na gode yayyena. IP ɗin ne, na ƙara sabon a jerin, nan take ya haɗu. Yanzu haka an sake ɗauke wutar.