Neman kalmar Hausa: me za mu kira logline?

Jama'a, salamu alaikum. Ina neman shawarar masana harshe da marubuta fim a kan wata kalma da ta hana mu tashi da wuri daga zaman da muka yi ranar Asabar a nan Jos. Mu bakwai ne, kowa ya zo da labarin da yake son a mayar fim. Da aka ce kowa ya fara karanto logline ɗinsa, sai wani dattijo daga cikinmu, wanda ya daɗe yana rubuta wasannin rediyo, ya ajiye kofin shayinsa ya ce, "Yarana, ku faɗa mini da Hausa, mene ne kuke so in karanto?" Aka yi tsit. Abin ya ba ni kunya, domin a garin nan Hukumar Fina-finai ta Nijeriya, wadda aka kafa a 1979, take da mazauni, a nan kuma makarantarta ta koyar da aikin fim take, amma da yake da Turanci yawancinmu muka koyi sana'ar, ba mu taɓa raɗa wa wannan abu suna ba.

Ga waɗanda ba 'yan harkar ba, logline jimla ce ɗaya, ko biyu in ta yi yawa, wadda ke faɗin wanda labarin yake kansa, abin da ya faɗo masa, abin da yake nema, wanda ko abin da ya tare masa hanya, da asarar da zai yi in ya gaza. Ba a faɗin yadda labarin ya ƙare. Ita ce marubuci yake miƙa wa furodusa tun kafin a buɗe shafin farko, kuma sau da yawa ita ke sa a buɗe ko a ƙi.

Wanda ya fara ba da amsa ya ce "taƙaitaccen labari". Wannan suna yana da mai shi, wato bayanin shafi ɗaya ko biyu da ke bin labari daga farko har ƙarshe. "Tsakure" kuma yanki ne da aka ɗebo daga jikin rubutu. "Kirari" ya fi dacewa da 'yar maganar da ake bugawa a jikin fosta don jan hankalin 'yan kallo.

Inda muka daɗe shi ne a kan "jigo", domin wata 'yar'uwa da ta karanta Hausa a jami'a ta tsaya kai da fata a kansa. Na ce mata, "Malama, a nan ne fa marubutanmu suke yin tuntuɓe." Wani matashi a wurin ya karanto nasa kamar haka: "Labari ne mai taɓa zuciya a kan haƙuri, cin amana da hakkin marayu." Wannan jigo ne tsantsa, kuma fina-finai ɗari za su iya shiga cikinsa su zauna ba tare da sun matsi juna ba. Babu mutum a ciki, babu abin da yake nema, babu mai hana shi. Muka yi ta yi masa tambayoyi, wa aka ci amanarta, me take sayarwa, wa ya cuce ta, yaushe abin zai ƙwace mata, har muka fito da wannan: "Wata mai sayar da dankali a Farin Gada tana cikin takaba ta samu labarin ƙanen mijinta zai sayar da gonar marayunta kafin ta fita, dole ta warware cinikin daga ɗakin da takabar ta tsare ta." Kalma 35 ce. Haƙurin yana nan, cin amanar yana nan, ba tare da an ambaci ko ɗaya ba, kuma wata 4 da kwana 10 na takaba sun zama wa'adin da ke matsa wa labarin lamba. Idan muka kira wannan jimla jigo, matashin zai koma gida ya sake rubuta irin ta farko, yana ganin abin da aka nema ke nan.

Ni abin da na tsayar shi ne "ƙwayar labari". Ƙwayar hatsi ƙarama ce, amma kara da zangarniya duk suna cikinta, kuma manomi yana duban iri ya gane ko zai tsiro. Aikin da furodusa yake yi da wannan jimla ke nan. Sunan yana kuma karɓar maganar masu gyara ba tare da an tilasta shi ba: a ce ƙwayar labarin nan ba ta nuna ba, ko ƙwaya biyu ce ka haɗa a rami ɗaya, ko wannan ƙaiƙayi ne. Masu nazarin waƙa ma suna da "ƙwayar jigo", saboda haka kunnen ɗalibin Hausa ba zai ji baƙon abu ba.

Akwai suka guda biyu da na yarda suna da ƙarfi. Na farko, kowa ya san abin da "ƙwaya" take nufi a bakin matasa idan ta tsaya ita kaɗai, don haka duk wanda ya tsaya a Taminus yana cewa a waya ya turo wa darakta ƙwaya, to, ya kuka da kansa. Dole a riƙa faɗin sunan cikakke. Na biyu, 'yan lokeshin, wato masu aiki a wurin ɗaukar fim, za su ce "logilayin" ko mun so ko mun ƙi. Wannan bai dame ni sosai ba, tunda darakta da mai ba da umarni, furodusa da mai shiryawa, sun daɗe suna zaune lafiya, ɗaya a baki, ɗaya a rubuce a jikin fim.

Dattijon namu bai gamsu duka ba, ya ce shi "gundarin labari" ya fi kwanta masa, ko da yake ya yarda gundari ba ya nuna ƙanƙanta. Ya kuma ce a daina ƙirga kalmomi irin na Turawa, domin "da" da "ta" kaɗai suna cinye mana kaso mai yawa, a auna da numfashi: in ba ta faɗuwa a numfashi biyu, ta yi tsawo. Wannan ma'auni na karɓa nan take. A takardar zaman Asabar mai zuwa na rubuta "ƙwayar labari", amma da fensir, don haka mai wata kalma ya kawo ta tare da jimlar da za a gwada ta a ciki.