Me ya sa ake soke "Audu he went home"?

Ummi: Malamai, don Allah mene ne laifin wannan jimlar? Ai da Hausa "Audu ya tafi gida" muke cewa.

Malam Sani: 'Yar'uwa, "ya" ɗin Hausa ita ke ɗauke da lokaci da jinsi, dole ta zo. Turanci kuwa aikau (wato mai yin aikin) ɗaya yake so: ko "Audu went", ko "he went". Lokacin yana jikin aikatau (wato kalmar aiki), "go" ya koma "went".

Malama Hadiza: Akwai kishiyar wannan ma. "Ana ruwa" ba ta faɗi mai yi ba, amma Turanci sai an cike gurbin: "It is raining". Haka "malami ne" sai "he is a teacher", domin in an cire "is" jimlar ba ta da aikatau.

Malam Sani: Ban da umarni fa, "Go home". Nan aikau a ɓoye yake.